Zaurukan fasaha na unguwa a Khartoum da Omdurman

Zauren fasaha na unguwa ƙaramin wuri ne, galibi gida ko shago da aka gyara, da ake bayar da shi haya na sa'o'i ko na yini domin darasin zane, karatun waƙa, nuna fim ko baje kolin kwana biyu. Masu irin waɗannan wurare na samun kuɗin shiga daga haya, kuɗin rajistar mambobi da kuma kason da suke karɓa idan an sayar da zane. A babban birnin Sudan, ƙananan wuraren nan ne suka daɗe suna riƙe da harkar fasaha.

Asali

Al'adar ta samo tushe tun zamanin mulkin mallaka. A 1918 aka buɗe Kulob ɗin 'Yan Boko a Omdurman, wanda daga baya ya haifar da Babban Taron 'Yan Boko na 1938. A tsakanin waɗannan shekaru, matasan unguwannin Abu Rof da Hashmab kan taru a gidajen juna su yi karatu da muhawara. Kulob-kulob na unguwa da na ƙungiyoyin ƙwallo su ma sun zama wuraren darasi da biki.

Zamanin al-Bashir da bayansa

A mulkin Omar al-Bashir, daga 1989 zuwa 2019, dokar kula da ɗa'ar jama'a ta jihar Khartoum ta 1996 ta ƙuntata kiɗa da cuɗanyar maza da mata, lamarin da ya tura masu fasaha cikin harabobi masu katanga. A 1998 aka kafa Cibiyar Al'adu ta Abdel Karim Mirghani a Omdurman, mai ɗakin karatu da zauren lacca. Mai zane Rashid Diab, bayan dawowarsa daga Sifaniya, ya buɗe tasa cibiyar a unguwar Jireif ta Yamma. Kasuwar littattafai ta Mafroush kuwa a wancan zamanin sau ɗaya a wata take ci a dandalin Itinay, inda ake shimfiɗa littattafai a ƙasa.

Bayan faɗuwar al-Bashir an soke waccan doka a Nuwamban 2019. A shekarar ne aka buɗe Downtown Gallery, sannan mai zane Reem Aljeally ta kafa The Muse, yayin da Impact Hub Khartoum ke bayar da teburin aiki da ɗakin taro ga masu ƙananan sana'o'i.

Abin da yaƙi ya yi

Faɗan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF ya rufe kusan dukkan wuraren. An wawashe ɗakunan zane, masu su kuma suka watse zuwa Alƙahira, Nairobi da Kampala. A Nairobi, Rahiem Shadad na Downtown Gallery ya taimaka wajen kafa The Rest, masaukin masu fasahar Sudan da ke gudun hijira. A unguwannin da mutane suka rage, makarantu da masallatai sun koma wuraren dafa abincin sadaka da ake kira takaya.

Sojoji sun sake karɓe Khartoum a Maris ɗin 2025, jama'a kuma sun fara komawa. Farfaɗowar zaurukan ta dogara ne kan dawowar lantarki da ruwa, da kuma ko masu zanen da suka kafa sabuwar rayuwa a waje za su dawo gida.