Ƙa'idojin Ajayil da Ƙera Manhaja Domin Karkara: Nazari a kan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa

Tsakure

Wannan maƙala ta auna ƙa'idojin Ajayil na ƙera manhaja da yanayin ƙananan hukumomi huɗu na kudancin Jihar Kano. Ta dogara ne a kan takardar da ta kafa tsarin a 2001, da abin da aka wallafa kan ayyuka biyu da suka shafi yankin, wato bibiyar masu rigakafin shan-inna da rabon taki ta wayar salula. Binciken ya nuna cewa babban cikas shi ne nisan da ke tsakanin mai biyan kuɗin manhaja da mai aiki da ita, kuma wannan ya fi ƙarancin kayan fasaha illa.

Gabatarwa

A watan Fabrairun 2001 masana manhaja 17 suka haɗu a Snowbird, Jihar Utah ta Amurka, cikinsu har da Kent Beck da Ken Schwaber da Jeff Sutherland da Martin Fowler. Abin da ya dame su shi ne tsohon salon aiki, inda ake rubuta duk buƙatu tun farko, a tsara, a gina, sannan a gwada a ƙarshe. Winston Royce ya zana wannan salo a 1970, kuma shi kansa ya yi gargaɗin cewa bin sa a miƙe akwai haɗari. Taron ya fitar da manufofin Ajayil huɗu da ƙa'idojinsa 12. Manufofin sun fifita mutane da mu'amalarsu a kan kayan aiki, manhaja mai aiki a kan tulin takardu, haɗa kai da mai buƙata a kan ja-in-ja kan kwangila, da karɓar sauyi a kan nacewa ga tsarin farko. Ba su ce a watsar da na biyun ba, sun dai ce na farkon ne a gaba.

Yankin nazari

Madatsar ruwa ta Tiga da ke Bebeji, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, aiki ne da tsohon salo ya dace da shi: ba a zuba ƙasa da kankare sannan a ce za a sake shawara. Kuskuren da ake yi shi ne a ba da kwangilar manhaja kamar yadda ake ba da ta madatsa, alhali gyaran manhaja na da sauƙi, kuma mai buƙatarta ba ya sanin ainihin abin da yake so sai ya riƙe ta a hannu.

Daga Kwanar Ɗangora a Kiru, hanya ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore zuwa ƙasar Doguwa, mai hedikwata a Riruwai, tsohon garin haƙar kuza. Mazauna yankin manoman shinkafa da masara da rake ne da makiyaya. Akwai ƙauyuka da rugage da sabis ɗin waya ke zuwa yana ɗaukewa, cajin waya kuma sai an kai shago mai janareta. Injiniyan da ke zaune a Kano ko Abuja ba ya ganin wannan daga ofishinsa.

Rigakafin shan-inna

A da, tawagar rigakafi na yawo ne da taswirar da aka zana da hannu. Unguwar da ba ta cikin zanen, ba ta cikin lissafi. Daga 2012 aka soma haɗa taswirorin jihohin Arewa daga hotunan tauraron ɗan'adam, da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates, ƙungiyar eHealth Africa mai cibiya a Kano na cikin masu aikin. Sai aka riƙa ba tawaga waya mai nuna inda aka taka. Mai ɗiga magani na ɗigawa, ana shafa wa yaro tawada a yatsa, ana rubutu da alli a jikin katanga, wayar kuwa tana cikin jaka tana ɗaukar sawu. Da yamma a tattara wayoyin, a sauke bayanan, a duba a taron bita wace unguwa aka tsallake, washegari a koma.

Wannan maƙala ba ta da'awar cewa da tsarin Ajayil aka ƙera manhajar. Abin lura shi ne siffar aikin: zagaye gajere, sakamako a fili, gyara nan take. Ƙa'ida ta 12 ta buƙaci tawaga ta riƙa zama lokaci-lokaci tana duba yadda za ta inganta aikinta, kuma taron yammacin nan shi ne hakan a aikace. An kuma kiyaye ƙa'idar sauƙaƙawa, domin ba a ɗora wa ma'aikaciyar danne-danne ba. Yaro na ƙarshe da ƙwayar shan-inna ta daji ta kama a Jihar Kano an same shi a Sumaila, maƙwabciyar Tudun Wada, a Yulin 2014, kuma a Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana yankin Afirka ya rabu da ita. Ba manhaja kaɗai ta yi wannan ba. Sarakuna da malamai da matan da suka bi gida-gida su ne ƙashin bayan aikin.

Rabon taki ta waya

A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan noma, gwamnatin tarayya ta soma tura wa manoma tallafin taki ta saƙon waya, da manhajar kamfanin Cellulant. Manufar rage dillalai a rabon taki mai kyau ce. Sai dai tsarin ya ɗauka cewa manomi na da wayarsa, yana karanta saƙo, kuma akwai sabis a wurin karɓa. Inda ɗaya ya ɓace sai a koma takarda, kuma daga baya aka gwada kati mai aiki ba tare da sabis ba a Sakkwato da Abuja. Gwaji a ƙauye ɗaya kafin a baza shirin da ya tona wannan tun da wuri.

Tattaunawa

Ƙa'idojin Ajayil sun ɗauka cewa mai buƙata na kusa, har suka nemi ya riƙa aiki da injiniyoyi kullum, da baki da baki. A wannan yanki kuwa mai buƙata biyu ne. Ɗaya na sa hannu a kwangila: ma'aikata ko mai ba da tallafi. Ɗayan na riƙe da wayar: jami'ar lafiya a asibitin sha-ka-tafi, ko malamin gona. Idan na farko kaɗai ake nuna wa aiki duk mako biyu, an bi al'adun Ajayil an bar manufarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Matsala ta biyu ta doka ce. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 an gina ta ne a kan bayyana abin da za a saya dalla-dalla kafin a yi tayi, wanda ya dace da yaƙi da almundahana amma ya takura wa aikin da buƙatunsa ke sauyawa. Ana iya sassauta wannan ta hanyar yanka kwangila kashi-kashi, a biya kowane kashi bayan an ga manhajar na aiki a inda aka nufa.

Akwai kuma iyaka. Manomi mai damina ɗaya a shekara ba zai jure a yi gwaji da takinsa ba, don haka gwajin manhajar noma da rani ya kamata a yi shi, a gonakin ban-ruwa na ƙasan Tiga.

Shawarar wannan maƙala ga hukumomin Jihar Kano da masu tallafi ita ce, kada a biya kuɗin wani kashi na manhajar karkara sai ma'aikacin da zai yi aiki da ita ya gwada ta da Hausa, a wayarsa, a wuri irin Riruwai ko rugagen gefen Falgore.