Balbela da fararen zalɓe a Karaye da Rogo

Balbela da fararen zalɓe tsuntsaye ne na dangi ɗaya, wato Ardeidae, da ake gani a bakin ruwa da fadamu a ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, yammacin Jihar Kano. Dukkansu farare ne tas, shi ya sa a maganar yau da kullum akan kira su duka balbela, alhali jinsi huɗu ne daban-daban.

Mazauni

Babban wurin da suke taruwa shi ne madatsar ruwa ta Challawa da ke Karaye, wadda aka kammala a shekarar 1992, sai fadamu da gonakin rani na kewaye. Balbela takan nisanci ruwa ta bi garken shanu tana cin fari da dabbobin suka tayar. Sauran ukun sun fi tsayawa a ruwa marar zurfi suna kama kifi da kwaɗi.

Jinsunan

Balbela (Bubulcus ibis): tsawonta santimita 46 zuwa 56. Wuyanta gajere ne kakkaura, bakinta rawaya. A lokacin yin sheƙa gashin kanta da ƙirjinta da bayanta yakan yi jaja-jaja.

Ƙaramin farin zalɓe (Egretta garzetta): santimita 55 zuwa 65. Bakinsa siriri ne baƙi, ƙafafunsa baƙaƙe, amma yatsunsa rawaya. Yakan motsa laka da ƙafa ɗaya don ya tayar da abin da zai ci.

Matsakaicin farin zalɓe (Ardea brachyrhyncha): ya fi balbela tsayi da tsawon wuya, bakinsa rawaya ne, bai kai na babban tsawo ba.

Babban farin zalɓe (Ardea alba): santimita 80 zuwa 104. Wuyansa dogo ne mai lanƙwasa. Bakinsa rawaya ne, amma yakan yi baƙi a lokacin yin sheƙa.

Hanyar bambancewa

Girma kaɗai yakan yaudari ido, musamman idan tsuntsu yana nesa ko ya maƙe wuya. An fi dogara da launin baki, launin yatsu, tsawon wuya da kuma wurin kiwo. Babba da matsakaici su ne suka fi rikitarwa. Da madubin hangen nesa ana duba tsagar baki: a babba tana wuce ido zuwa baya, a matsakaici tana tsayawa ƙarƙashin ido.

Muhimmanci

Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a watan Janairu. Idan mai ƙidaya ya rubuta kowane farin tsuntsu a matsayin balbela, jinsin da ya dogara da kifi zai iya raguwa ba a lura ba. Irin wannan raguwa takan nuna canji a lafiyar ruwan da masunta da manoman rani ke amfani da shi.