Farar wuta: Yadda tsiro ke auna abin da yake sha daga ƙasa

Duk mai sayen taki ya san haruffa uku da ke jikin buhu: N, P da K. Akwai na huɗu da ba a cika ambata ba, wato S, alamar sinadarin salfa, wanda Hausawa suka daɗe da saninsa da sunan farar wuta, ana haɗa albarushi da maganin ƙazuwa da ita. A yankin masara na kudancin Kano, daga Bebeji da Ƙiru zuwa Burumburum, Tudun Wada da Doguwa, wannan sinadari yana da hannu a yawan buhunan da ake ɗaurewa da kaka.

Amfaninta ga tsiro

Tsiro ba ya gina furotin sai da farar wuta, domin biyu daga cikin tubalan furotin guda 20, sistin da metiyonin, suna ɗauke da ita. Tana cikin gulutatayon, sinadarin da ke kare tsiro daga illar fari da zafi. Ita ce tushen yajin albasa da warin tafarnuwa, tana kuma cikin sinadaran da kabeji da zogale ke korar ƙwari da su. Gyaɗa da wake da waken suya suna buƙatarta ƙwarai, saboda ƙwayoyin halittar da ke zaune a ƙululun saiwarsu ba sa iya kamo naitirojin daga iska idan babu ita.

Yadda take shiga

Saiwa ba ta shan farar wuta a siffar garin nan mai ruwan ɗorawa. Sai ta zama salfet, gishirin da ke narkewa a ruwa. Mafi yawan farar wutar da ke saman ƙasa tana ɗaure cikin ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi, kuma ƙwayoyin halittar ƙasa ne ke kwance ta sannu a hankali idan an sami danshi.

A fatar saiwa akwai wasu furotin da ke aikin masu tsaron ƙofa, suna jawo salfet ciki ko da kaɗan ne a ƙasa. A shekarar 1995 masana a Ostareliya suka fara gano ƙwayar gadon irin wannan ƙofa, a jikin ciyawar sitailo, wadda aka riƙa shuka wa makiyaya a kudancin Kaduna don ciyar da shanu da rani. Daga saiwa ruwa ke hawa da salfet zuwa ganye, inda ƙarfin hasken rana ke juya shi ya zama sistin. Abin da ya yi saura, tsiro yakan adana shi cikin ƙwayoyin jikinsa kamar hatsi a rumbu.

Yadda tsiro ke kafa ƙa'ida

Tsiro ba ya sha barkatai; buƙata ce ke buɗe ƙofa. Idan ganye ya ƙoshi, sistin da gulutatayon suna yawaita, sai tsiro ya rage ƙera ƙofofin saiwa. Idan kuwa farar wuta ta yi ƙaranci, wani sinadari mai suna OAS, wanda shi ne gangar jikin da ake ɗora wa farar wuta a sami sistin, sai ya taru babu abokin haɗi. Taruwarsa na cikin alamomin yunwa. Cikin 'yan kwanaki saiwa za ta ninka ƙofofinta, a buɗe rumbu, a rage ƙera sinadaran korar ƙwari, har a warware waɗanda aka riga aka ƙera domin a ceto farar wutar da ke cikinsu. A 2006 masana a Japan suka gano furotin mai suna SLIM1, wanda ke jagorantar yawancin waɗannan matakai.

Akwai kuma ma'auni tsakanin farar wuta da naitirojin. A furotin na tsiro, kashi ɗaya na farar wuta yana tafiya da kimanin kashi 15 na naitirojin. Idan ɗaya ya gaza, tsiro yakan rage shan ɗayan. Shi ya sa manomi zai iya zuba yuriya buhu bayan buhu, masara ta ƙi yin duhu.

Dalilin ƙarancinta a yankin

Ƙasar yankin ba ta da yawan ruɓaɓɓen taki, ga shi ana noma ta kowace damina ba hutu. Kara yana tafiya danga da murhu, harawa tana tafiya kasuwa, abin da ya rage a banka masa wuta lokacin sharar gona, farar wutar ta bi hayaƙi. Ruwan sama, wanda ya fi yawa a Doguwa fiye da arewacin jihar, yana wanke salfet zuwa ƙarƙashin ƙasa. Sama ma ba ta mayar da komai: awon da aka yi a Arewacin Najeriya a shekarun 1970 ya nuna ruwan sama ba ya kawo abin da ya wuce kimanin kilo ɗaya a hekta a shekara.

Canjin taki ya ƙara tsananta lamarin. A zamanin dalar gyaɗa, takin supa aka fi sani, kuma yana ɗauke da kimanin kashi 12 cikin ɗari na farar wuta, manomi yana samunta kyauta ba tare da ya sani ba. Yuriya tana da kashi 46 na naitirojin amma babu farar wuta ko kaɗan, kamfa kuwa sai wanda aka rubuta S a buhunsa ake da tabbacinsa. Turai ma ta gamu da wannan matsala daga shekarun 1980, bayan an tsabtace hayaƙin masana'antu da ke zubar da farar wuta a gonaki.

Alamomi da magani

Ƙarancin naitirojin yana fara bayyana a tsofaffin ganyen ƙasa, domin tsiro yana kwashe shi ya kai wa sababbi. Farar wuta ba ta saurin ƙaura haka, don haka sababbin ganyen sama ne ke fara yin fari-fari ko ruwan ɗorawa, kara ya sirance, girma ya tsaya. Ƙarancin zin da cutar da ke zana layi a ganyen masara suna iya kama da wannan, saboda haka gwajin ƙasa ko na ganye shi ne mai raba gardama. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Jami'ar Bayero da malaman gona na KNARDA su ne wuraren neman shawara.

Hanyoyin gyara sanannu ne: supa lokacin shuka, musamman ga gyaɗa da waken suya, amoniyam salfet, mai kashi 24 na farar wuta da 21 na naitirojin, a madadin wani ɓangare na yuriya, tare da lura cewa yawaita shi yana sa ƙasa tsami, sai takin gargajiya da barin karmami ya ruɓe a gona. Garin farar wuta zalla yana ɗaukar makonni ko watanni kafin ya zama salfet, don haka ba ya ceton masarar da ta riga ta koɗe.

Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke aika kuɗin taki ƙauye daga birni, ya kamata ya tambayi abin da aka rubuta a jikin buhu kafin ya tambayi farashi.