Ciwon nono a cincila mai shayarwa

Ciwon nono a cincila mai shayarwa, wanda likitocin dabbobi ke kira mastitis, kumburi ne da ke kama ɗaya ko fiye daga cikin nonuwan uwar cincila bayan ta haihu. Galibi ƙwayoyin cutar bakteriya ne ke haddasa shi, inda suke shiga ta raunin da haƙoran 'ya'yanta suka yi wa kan nono. Cuta ce iri ɗaya da ciwon hantsa da makiyaya suka sani a shanu da awaki, amma hanyar magance ta ta sha bamban, saboda ƙanƙantar dabbar da kuma yanayin hanjinta, wanda ba ya jure wasu magungunan da aka saba ba wa sauran dabbobi. Idan an gano cutar da wuri, yawanci uwar tana warkewa. Idan aka makara, ana iya rasa ta tare da 'ya'yan.

Dabbar da yadda take shayarwa

Cincila ƙaramar dabba ce daga dangin ɓeraye, mai gashi mai laushi da kauri, wadda asalinta tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka. Nau'in da ake kiwo a gidaje shi ne Chinchilla lanigera, ɗan asalin ƙasar Chile. A shekarar 1923 wani injiniyan ma'adinai Ba'amurke mai suna Mathias Chapman ya kai guda 11 jihar Kalifoniya, kuma da su ake danganta yawancin cincilolin da ake kiwo a yau, da farko don fatarsu, daga baya kuma don sha'awa. Macen ta fi namijin girma, amma duk da haka nauyinta bai cika wuce rabin kilo da 'yan kai ba.

Cikin cincila yana ɗaukar kimanin kwana 111, wanda ya yi tsawo ƙwarai ga dabba mai wannan girman. Takan haifi biyu, wani lokaci ɗaya, wani lokaci har zuwa shida. Saboda daɗewar da suke yi a ciki, 'ya'yan suna fitowa da gashi, idanunsu a buɗe, suna iya tafiya tun ranar farko, kuma nauyin kowane yana tsakanin giram 30 zuwa 60. Abin da ya fi shafar wannan cuta shi ne, da haƙoran gaba suke zuwa duniya, masu kaifi.

Uwar tana da nonuwa shida: biyu a mara, huɗu kuma a gefen haƙarƙari, biyu a kowane ɓangare, a ɓoye cikin gashi. Mai kiwon da bai san da haka ba yakan duba cikinta kawai ya ce lafiya lau, alhali nonon da ya kumbura yana can gefe, bayan ƙafar gaba.

Dalilai

Ruwan nono ba ya saukowa nan take a kowace uwa. Wata sai ta yi kwana biyu ko uku. A cikin wannan lokaci 'ya'ya masu yunwa suna ja da cizon kan nono, suna kuma faɗa da juna a kansa, musamman idan sun kai uku ko fiye. Cizon yana barin ƙananan raunuka, kuma ta nan bakteriyar da ke kan fata ko a shimfiɗar keji take samun ƙofa. Ire-iren da aka fi samu a ciwon nono sun haɗa da Staphylococcus, Streptococcus da Escherichia coli. Daga nan abin yakan zama da'ira: nono na ciwo, uwa ta hana sha, yunwa ta ƙaru, cizo ya ƙaru.

Akwai wasu abubuwan da ke taimakawa. Shimfiɗa mai danshi ko ƙazanta tana tara ƙwayoyin cuta. Wayar keji mai tsini na iya yankar fata. Idan 'ya'yan suka mutu ko aka raba su da uwar farat ɗaya, ruwan nono yakan taru ya daskare a ciki, wanda shi ma yana buɗe hanyar kamuwa. Haka kuma uwar da ba ta samun isasshen abinci da ruwa, ko wadda ta sake ɗaukar ciki nan da nan bayan haihuwa, jikinta ba ya da ƙarfin kare kansa.

Alamomi

Cincila dabba ce da ake farauta a daji, don haka ta iya ɓoye ciwo. Sau da yawa a jikin 'ya'yan ake fara ganin matsalar kafin a gan ta a jikin uwar. Sukan yi ta kuka ba hutawa, suna bin uwar suna cizon juna a fuska da kunne, cikinsu a shafe. Nauyinsu yakan tsaya ko ya ragu. Ɗan raguwa a kwana ɗaya ko biyu na farko ba abin damuwa ba ne, amma bayan haka lafiyayyen ɗa yana ƙara 'yan giram kowace rana. Shi ya sa ƙaramin sikelin kicin mai auna giram ya fi ido amfani a wannan lokaci: ana auna kowane ɗa kullum a lokaci guda, a rubuta.

Ita kuma uwar takan guje wa 'ya'yan, ta haye inda ba za su kai ba, ko ta kai musu cizo idan suka matso. In an hura gashin ko an buɗa shi da yatsa a hankali, za a ga nonon ya yi ja, ya kumbura, ya yi tauri da zafi, wani lokaci da ɓawon rauni a kansa. Ruwan da ke fita yana iya yin kauri, ya yi gudaji, ya koma rawaya, ko ya haɗu da jini ko mugunya. Idan cutar ta yi nisa, uwar takan daina cin abinci, ta takure wuri ɗaya, kashinta ya ƙanƙance ko ya ɗauke. Fatar nonon da ta koma shuɗi-shuɗi ko baƙa alama ce ta cewa naman ya fara mutuwa, kuma ƙwayoyin cutar na iya shiga jini.

Ganewa

Likitan dabbobi yakan gane cutar ta hanyar dubawa da taɓawa. Inda hali ya yi, ana ɗiban ɗan ruwan nonon ko mugunyar a kai ɗakin gwaji don a san irin bakteriyar da maganin da zai kashe ta. Dole a bambanta ta da rashin saukowar nono, inda nonuwan suke a saɓule ba kumburi ba zafi, da kuma cikar nono kawai ba tare da ƙwayar cuta ba. Likita yakan kuma duba ko wani ɗa ko mabiyiya ta maƙale a mahaifa, domin ciwon mahaifa bayan haihuwa yana kawo kasala da ƙin cin abinci irin wannan. Ba kowane likitan dabbobi ne ya saba da cincila ba. Ana neman wanda ke duba zomaye, ɓerayen Masar da makamantansu.

Magani

Jigon maganin shi ne antibayotik, kuma a nan ne haɗari mafi girma yake. Cincila tana narkar da ciyawa ne da taimakon bakteriya masu amfani da ke zaune a wata babbar jaka a ƙarshen ƙaramin hanjinta. Wasu magunguna, musamman idan ta baki aka ba da su, suna kashe waɗannan bakteriyar, sai masu guba irin su Clostridium su mamaye wurin, abin da ke kawo gudawa mai tsanani da mutuwa cikin 'yan kwanaki. Magungunan da ake guje wa sun haɗa da penisilin da danginsa kamar amoksisilin da amfisilin, sai kilindamaisin, linkomaisin da eritiromaisin. Abin lura shi ne, da yawa daga cikinsu su ne ake ba wa mutane, karnuka da kyanwoyi, kuma su ne aka fi samu a kantin magani. Ragowar maganin yaro ko na kare na iya kashe cincila da sauri fiye da cutar kanta. Man da ake matsawa cikin hantsar saniya ma ba ya da wuri a nan.

Likitoci sukan zaɓi daga cikin waɗanda hanjin dabbar ke jurewa, kamar haɗin tirimetofirim da salfa, ko enrofuloksasin. Kowanne da abin da ake dubawa: magani yana ratsawa cikin ruwan nono, kuma an san enrofuloksasin na iya taɓa guringuntsin gaɓoɓin dabbobi masu tasowa, don haka zaɓin ya danganta da ko 'ya'yan za su ci gaba da sha. Ana auna maganin ne da nauyin uwar daidai giram, ana kuma kammala kwanakin da likita ya yanka ko da kumburin ya sauka.

Maganin rage zafi, wanda galibi meloksikam ne, ba ƙari ba ne kawai. Cincilar da ke jin ciwo ba ta cin abinci, kuma hanjin da ya zauna ba abinci yakan tsaya da aiki. Idan ta wuni ba ta ci ba, ko kashi ya ɗauke, abin ya zama na gaggawa. A irin wannan hali ana ba ta abinci mai laushi na dabbobi masu cin ciyawa da sirinji, kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana, likita kuma ya ƙara mata ruwa ta ƙarƙashin fata.

A gida ana gasa nonon da tsumma mai ɗumi na 'yan mintuna sau biyu ko uku a rana, don rage tauri da taimaka wa ruwan ya fito. Tsumman sai an matse shi sosai, a kuma busar da wurin bayan an gama, domin gashin cincila yana da kaurin da ba ya bushewa da kansa, kuma danshi yana kawo ciwon fata. Wasu sukan fi son ɗumi busasshe, kamar safa da aka cika da shinkafa aka ɗumama. Ɗumin ya tsaya a kan nonon kaɗai: cincila ba ta jure zafi, kuma yanayin da ya haura digiri 27 a ma'aunin Selsiyos na iya jefa ta cikin bugun zafi. Ana riƙe ta a hankali, domin idan an damƙe ta da ƙarfi takan saki gashin wurin gaba ɗaya. Ba a shafa man shafawa sai da izinin likita, tunda uwar da 'ya'yan duk za su lashe shi.

Idan mugunya ta taru ta zama ƙurji, ko naman ya mutu, sai an yi aiki. Ana sa mata barci da iskar gas, a fasa ƙurjin a wanke, ko a cire nonon da ya lalace. Nonon da ya yi mummunan rauni ba lallai ne ya sake ba da ruwa ba.

Kula da 'ya'yan

Ra'ayi ya bambanta kan ko a bar su su ci gaba da sha. Idan cutar ba ta yi tsanani ba kuma nono ɗaya ne ya kamu, sau da yawa ana barin su, domin tsotso yana hana ruwan taruwa, kuma babu madarar da ta kai ta uwa. Idan akwai mugunya ko jini, ko uwar ta galabaita, ko tana cizonsu, ana raba su da ita.

Tsakanin waɗannan biyu akwai hanyar karɓa-karɓa: a bar ɗaya ko biyu tare da uwar na 'yan sa'o'i, sauran suna cikin akwati mai ɗumi, sannan a musanya. Wannan yana rage faɗa kuma yana ba ƙaramin cikinsu dama. Idan akwai wata cincilar da ta haihu a daidai lokacin kuma 'ya'yanta ba su da yawa, takan karɓi na wata. An kuma yi amfani da ɓeran Masar mai shayarwa don wannan aiki.

Shayarwa da hannu aiki ne mai cin rai. An fi amfani da madarar akuya, a ɗumama ta daidai ɗumin jiki, a ba su da ƙaramin sirinji ko abin ɗiga magani, kusan kowace sa'a biyu dare da rana a kwanakin farko, sannan a riƙa tsawaita tazarar. Ana riƙe ɗan a zaune, a ɗiga a kan leɓensa ya lasa da kansa. Ba a kwantar da shi rigingine, ba a kuma tura madarar cikin baki, domin ɗigo kaɗan da ya faɗa huhu ya isa ya kawo ciwon huhu. Bayan kowane sha ana shafa mararsa da auduga mai ɗan danshi don ya yi fitsari da kashi, kamar yadda uwar ke yi da harshe. Abin da ke sauƙaƙa lamarin shi ne, 'ya'yan cincila suna fara gutsurar busasshiyar ciyawa tun cikin makon farko, ko da yake yaye na gaskiya sai tsakanin mako shida zuwa takwas.

A da, masu kiwo don fata sukan yanke tsinin haƙoran 'ya'yan don kare uwar. Likitoci ba sa ba da shawarar a yi haka a gida, saboda haƙorin na iya tsagewa har cikin tushe, kuma cizon alama ce ta yunwa, wadda yanke haƙori ba ya kawar da ita.

Rigakafi

Ana tsaftace kejin kafin haihuwa, a sa shimfiɗa busasshiya a riƙa sauya ta a kai a kai. Cincila da ƙura ta musamman take wanka, ba da ruwa ba, amma masu kiwo da yawa sukan hana uwa wannan wanka na mako ɗaya zuwa kwana goma bayan haihuwa, don kada ƙurar ta shiga al'aurarta ko raunukan kan nono. Ana ba ta ciyawa busasshiya ba iyaka, da abincin cincila na kanti, da ruwa mai tsafta, kuma ana yawan ƙara mata alfalfa saboda sinadarin kalsiyam da furotin da ke cikinta. Ana duba nonuwan shida kullum a makonni biyu na farko.

Macen cincila tana iya sake ɗaukar ciki cikin kwana ɗaya ko biyu da haihuwa, don haka ana fitar da namijin daga kejin tun kafin ta haihu. Uwar da ta yi ciwon nono mai tsanani, ko ta maimaita shi a haihuwa ta biyu, galibi ana daina haɗa ta da namiji.