Hazaƙa Ba Ta Isa Ba: Nazari Kan Manya Masu Kaifin Ƙwaƙwalwa da Ke Fama da Jan Ƙafa

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi binciken masana halayyar ɗan'adam kan haziƙan manya da ke fara aiki su kasa kai shi ƙarshe, ta kuma auna shawarwarin littattafan gina kai da abin da gwaji ya tabbatar. Matsayinta shi ne naci ne ya yi musu ƙaranci, kuma koyon sa ake yi.

Gabatarwa

A 1921 Lewis Terman na Jami'ar Stanford a Amurka ya fara bibiyar rayuwar yara kimanin 1,500 da suka yi fice a gwajin basira. A 1968 abokiyar aikinsa Melita Oden ta kwatanta maza 100 da suka fi cin nasara a cikinsu da 100 da aka bari a baya. Ratar basira tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya raba su shi ne naci, yarda da kai, tsayawa kan manufa, da irin gidan da suka tashi.

Tushen Matsalar

Yaron da karatu ya zo wa da sauƙi yakan gama sakandare bai san wahalar bita ba. Ranar da ya haɗu da aikin da ya fi ƙarfin kallo ɗaya, kamar kundin digiri na uku, sai ya ga ba shi da abin kamawa. Gwajin Claudia Mueller da Carol Dweck na 1998 ya nuna yaran da aka yabi basirarsu sun fi guje wa aiki mai wuya, sun kuma fi saurin karaya bayan faɗuwa, a kan waɗanda aka yabi ƙoƙarinsu. Wanda aka daɗe ana ce masa "kai ai ƙwaƙwalwa ce" yakan girma yana tsoron duk abin da zai ƙaryata kirarin. Fuschia Sirois da Timothy Pychyl sun bayyana a 2013 cewa jan ƙafa gudun ɓacin rai ne na ɗan lokaci. Zalunci ne a kira irin wannan mutum malalaci.

Auna Hanyoyin Taimako

Littattafai da yawa na cewa kwana 21 sun isa a kafa ɗabi'a. Binciken Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan, wanda aka buga a 2010 kan mutum 96, ya sami matsakaicin kwana 66, wasu 18, wasu har 254. Tsallake rana guda bai rushe ginin ba, kuma wannan muhimmi ne ga mai neman kamala da ke watsar da komai saboda kuskure ɗaya.

Ko ra'ayin Dweck na sauya tunani, wato mutum ya yarda cewa basira na ƙaruwa da ƙoƙari, ba ya wadatarwa shi kaɗai. Nazarin Victoria Sisk da abokanta na 2018 ya sami tasirinsa kan sakamakon karatu ƙarami ne.

Hanyar da ta fi ƙarfin hujja ita ce ta Peter Gollwitzer: mutum ya ɗaure aiki da lokaci da wuri, ya ce "idan kaza ya faru, zan yi kaza". Shi da Paschal Sheeran sun tattara gwaje-gwaje 94 a 2006, suka ga tasirinta tsakanin matsakaici da babba ne. A nan ƙasar Hausa tana da gata, domin salloli biyar sun riga sun yanka wa Musulmi yini gida-gida. "Da na dawo daga Asuba zan rubuta shafi ɗaya" ya fi "bana zan gama kundina" amfani nesa ba kusa ba.

Sai dai wajibi ne a fara tantance ciwon damuwa da larurar ƙarancin nutsuwa, domin hazaƙa kan ɓoye su shekaru, kuma littafi ba ya maye gurbin likita.

A ƙarshe, muna kira ga sassan nazarin halayya da na ilimi a jami'o'in Kano, Zariya da Sakkwato su gwada ɗaura ɗabi'ar karatu da lokutan salla a tsakanin ɗaliban manyan digiri, su buga abin da suka samu.