Kyanwa da Rumbu: Tarihin Wani Zama a Wudil

A Wudil, garin da ke bakin kogi wanda ya shahara da kasuwar shanu ta ranar Juma'a, kyanwa ta daɗe tana zaune da manoma da masunta, domin inda aka tara gero da dawa a rumbu, ko aka ajiye bandar kifi, ɓera ba ya nisa. Wannan zama ya samo asali ne tun kimanin shekaru 10,000 da suka wuce a Gabas ta Tsakiya, lokacin da kyanwar daji ta fara bin ɓeraye zuwa ma'ajiyar hatsi, kuma Musulunci ya ƙarfafa shi da ya hukunta cewa ba najasa ba ce.

Amma da yake ita ta kawo kanta, ba ta bar halin daji gaba ɗaya ba. Ana ganin haka idan aka taɓa mata ciki: shi ne ke ɗauke da hanta da hanji, fatar wurin kuma tana da saurin jin taɓi, saboda haka idan ta kwanta rigingine alamar amincewa ce kawai, kuma hannun da ya kai can yakan gamu da farata. Kyanwar Lami, wadda ba ta cizo ba ta yakushi, a karin magana kaɗai take.