Daga Aro Zuwa Haya: Tarihin Ƙa'idojin Rabon Adireshin Intanet

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a cikin wannan maƙala ita ce mu bi diddigin yadda adireshin intanet ya tashi daga abin da ake bayarwa aro, ya koma hajar da ake sayarwa, ake kuma bayarwa haya. Abin da muke nufi da adireshi a nan shi ne lambar nan da kowace na'ura take buƙata kafin saƙo ya same ta. Za mu nuna cewa rigimar da ake yi a kan haya ta samo asali ne daga wata tambaya da magabatan wannan fanni ba su warware ta ƙarara ba, watau: wane ne mai adireshi?

2.0 Zamanin Yalwa

A shekarar 1981 aka fitar da tsarin da ake kira IPv4, wanda yake ɗauke da adireshi 4,294,967,296. A wancan lokaci masu amfani da shi jami'o'i ne da cibiyoyin bincike 'yan kaɗan, galibinsu a Amurka, saboda haka aka ɗauka rijiya ce wadda ba ta ƙafewa. Wani masani mai suna Jon Postel shi ne ya riƙe littafin rabon lambobi har zuwa rasuwarsa a 1998. An kasa adireshin da ake rabawa gida uku: babban kaso mai 16,777,216, da matsakaici mai 65,536, da ƙarami mai 256. Ta haka ne kamfanoni irin su Ford da Apple suka sami babban kaso kowannensu, ba tare da sun biya kuɗin saye ba.

3.0 Ƙa'idar Aro

Da shigowar shekarun 1990 sai aka farga cewa rijiyar tana janyewa. A 1993 aka soke kason nan uku, aka koma yanka wa kowa daidai buƙatarsa. Aka kuma kafa hukumomin rajista na yankuna: RIPE NCC ta Turai a 1992, da APNIC ta Asiya a 1993, da ARIN ta Arewacin Amurka a 1997, da LACNIC ta Latin Amurka a 2002, sa'an nan AFRINIC ta Afirka a 2005, mai hedkwata a tsibirin Moris.

Takardar da ta zama ginshiƙin aikinsu ita ce RFC 2050 ta 1996. Ta tanadi abu uku: tattali, da sauƙaƙa wa saƙo hanya, da rajista. Mai nema sai ya nuna buƙata. Kamfanin da yake haɗa mutane da intanet kuwa, an shawarce shi ya ɗauki adireshin da yake ba abokan cinikinsa a matsayin aro, muddin suna kan layinsa. In sun rabu su mayar. Ya kamata mu lura da wannan sosai. Aro ya halatta tun farko, amma a ɗaure yake da layi. Hayar da ake gardama a kanta ita ce wadda aka tsinke wannan igiya, watau mutum ya ba wani adireshi don kuɗi alhali ba shi ne yake haɗa shi da intanet ba.

4.0 Ƙarewar Rumbu da Buɗewar Kasuwa

Ranar 3 ga Fabrairu, 2011, babban rumbun duniya ya raba kasonsa biyar na ƙarshe ga hukumomin nan biyar. A wannan shekara ce kamfanin Microsoft ya sayi adireshi 666,624 daga Nortel, wanda ya karye, a kan dala miliyan 7.5, watau dala 11.25 kowane ɗaya. Rumbun ARIN ya ƙare a 2015, na RIPE NCC kuma a 2019. A wajejen 2021 farashin adireshi guda ya kai dala 50. Ƙaramin kamfanin da ba zai iya saye ba, dole ya nemi haya. Wanda ya gaji adireshi da yawa tun zamanin yalwa kuwa, ya ga hanyar samun kuɗin wata-wata ba tare da ya rabu da kadararsa ba.

Hukumomin ba su bi hanya ɗaya ba. RIPE NCC ta sassauta sharaɗin nuna buƙata, har ma ta yarda a rubuta miƙa adireshi na wucin gadi a cikin rajistarta. ARIN ba ta karɓi niyyar bayar da haya a matsayin hujjar neman ƙarin adireshi ba. A yankin APNIC an gabatar da shawara a 2022 cewa a bayyana haramcin haya ɓaro-ɓaro, amma ba ta sami haɗin bakin mahalarta ba.

5.0 Rikicin Afirka

Afirka ita ce ta zo ƙarshe, ita ce ta sami kaso mafi ƙanƙanta, amma kuma rumbunta ne ya fi daɗewa da saura. Wannan ya jawo mata idon 'yan kasuwa. Tsakanin 2013 da 2016 wani kamfani mai rajista a Seychelles, Cloud Innovation, ya karɓi adireshi sama da miliyan 6 daga AFRINIC. Daga baya hukumar ta ce ana bayar da su haya a wajen nahiyar, saɓanin dalilin da aka nema. Kamfanin ya ce babu ƙa'idar da ta hana. A Yulin 2021 kotu a Moris ta rufe asusun hukumar na ɗan lokaci. A 2022 hukumar ta rasa cikakkiyar majalisar gudanarwa, a 2023 kotu ta naɗa mata mai riƙo, ba a kuwa sami sabuwar majalisa ba sai a Satumbar 2025. Tun da daga wannan hukuma ce kamfanonin sadarwa da jami'o'in Nijeriya da Nijar da Gana suke samun adireshi, raunin da ya same ta ya shafe mu kai tsaye.

6.0 Kammalawa

Masu goyon bayan haya suna cewa tana fito da adireshin da yake kwance, ta kai shi hannun mabuƙaci. Masu adawa suna cewa amana ce ake ci, tun da an karɓa da sunan buƙata aka mayar jari. Kowanne yana da ƙamshin gaskiya. A namu ganin, babban haɗari shi ne lalacewar rajista: in an yi haya a ɓoye, sunan wani ne a littafi, wani ne kuma yake aiki da lambar, to ranar da aka yi zamba da ita ba a san wanda za a tuhuma ba. Hani kawai ba ya kashe haya, sai dai ya tura ta bayan fage. Ita kuwa kasuwa, in an sake mata baki ɗaya, mai ƙarfi ne zai kwashe. Saboda haka muna ganin a wajabta rubuta sunan kowane ɗan haya, a kuma keɓe abin da ya rage a rumbu ga masu shimfiɗa layi na haƙiƙa. Maganin dindindin shi ne ƙaura zuwa IPv6, wanda aka tsara tun shekarun 1990, mai yalwar da ta wuce lissafin yau da kullum. Kafin wannan ƙaura ta kammala, wajibi ne malamanmu su riƙa halartar tarurrukan da ake tsara waɗannan ƙa'idoji, domin ƙofarsu a buɗe take ga kowa, kuma wanda ba ya nan ba a rabo da shi.